Karin maganar yau: kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura

Mushen Bagalam:
Salamu alaikum jama'ar gida. Wadda na kawo yau kowa ya san ta: kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Dalili, jiya a fada gardama ta tashi kan mutanen nan da ba su yarda akwai Allah ba, mulhidai, da abin da suke nema ko'ina na a raba addini da gwamnati, sai wani yaro ya ce to mi ne ne na tada jijiyar wuya, kowa da kiwon da ya karɓe shi, mai salla ya yi sallarshi wanda bai yi a bar shi. Nan ya tsaya bai ida ta ba. Ni kuwa ina ganin in ka yanke mata wutsiya ka kashe ta. Tambayata: Bahaushen da ya yi ta, yarda ya yi kowa ya yi abin da ya ga dama, ko ko zambo yake wa mai kura? Kuma ta hau zancen layisite, wato raba addini da gwamnati, ko ba ta hau ba?

Malam na Limanci:
Wa alaikumus salam Mushe. Zambo ne, babu wata tantama. Wa ya taɓa kiwon kura don nono ko don layya? Mutum ya san katangarsu ɗaya da mai akuya ya tahi ya sayo kura, in an yi magana ya ce kiwon da ya karɓe ni ke nan. Wannan ba zaman lahiya yake nema ba. To haka nike ganin mulhidi. Da bakinshi zai ce a bar kowa da nashi amma ku duba abin da sunka yi inda mulki ya shiga hannunsu. A Tarayyar Sobiyet ƙungiya guda anka kafa a 1925 aikinta kawai yaƙi da imani, a 1931 sunka tarwatsa babbar majami'ar Mosko da nakiya, masallatan Asiya ta Tsakiya kuwa akasarinsu rufe su anka yi. Albaniya, ƙasar da mafi yawanta Musulmi ne, a 1967 Enver Hoxha ya rufe masallatai da coci duka ya ce ƙasar ba ta da addini. Akuyar wa ta tsira a can? Mu akuyarmu imanin ɗiyanmu ne kuma ba mu da wata dukiya da ta kai shi.

Ɗan Maraɗi a Liyon:
Allah gafarta Malam, abin da ka kawo na Sobiyet da Albaniya gaskiya ne amma wancan ai ba raba addini da gwamnati ba ne, gwamnati ce ta mai da rashin addini ya zama addininta ta tilasta ma kowa. Ni nan da su nike aiki, cikin izin da nike mutane da yawa kai tsaye za su ce maka ba su yarda da komi ba, kuma ba iri ɗaya ba ne wallahi. Akwai wanda ba ruwanshi, in azumi ya zo shi ne ma zai canza ni in lokacin shan ruwa ya yi, bai yarda da abin da na yarda ba amma yana girmama cewa na yarda. Akwai wanda yake kallon mai addini da tausayi kamar an bar shi baya, wannan ya fi ƙona min rai ko da bai zage ni ba. Sannan akwai ƴan zafin kai masu ganin addini cuta ne sai an kawar da shi, su ne masu zane-zanen ɓatanci da surutu a intanet, su ne muke ji daga gida sai mu ɗauka duka haka suke.
Abin da ya haɗa su shi ne kar gwamnati ta ɗauki wani addini ta ɗora ma wanda bai so. Dokar Faransa ta 9 ga Disamba 1905 abu biyu ta faɗa tun farko, jamhuriya ta lamunce ma kowa ƴancin abin da zuciyarshi ta yarda da shi, kuma ba ta san wani addini a hukumance ba balle ta biya shi albashi. Da cocin Katolika aka yi wannan rigimar, lokacin ba mu cikin lissafi ma. Amma kuma a 2004 sun hana ɗiya mata sa kallabi a lakwal ɗin gwamnati da sunan wannan layisite ɗin, to nan ka ga ɗiyar Musulmi ce akuya, gwamnati ce ta sayi kura.

Hajiyar Mokoyo:
Ku maza kun tahi Rasha kun tahi Faransa, ku dawo gida tukun a ga yadda ake faɗinta. Mu mata ba mu faɗin wannan magana don mun yarda da mutum. Ana faɗinta in wani ya zaɓi abin da kin san zai taɓa ki kuma ba ki da ikon hana shi, misali ƙanenki ya nace sai ya auro wadda duk unguwa ta san halinta ya kawo ta gidan gado, kin yi magana kin gaji, sai ki ce to kowa da kiwon da ya karɓe shi. Haƙuri ne haɗe da kashedi. Ba ki ba shi gaskiya ba, ba ki kuma ɗauki taɓarya kin shiga ɗakinshi ba. Yaron Mushe ya ɗauki haƙurin ya yar da kashedin, Malam kai kuma ka ɗauki kashedin ka yar da haƙurin.

Ɗiyar Danja:
Inna Hajiya kin faɗi gaskiya. Ni Kirista ce, nan aka haife ni nan aka haifi babana, kuma ina roƙon Malam ya saurare ni da kunnen uba. In ana zancen akuya da kura a garin nan mu mun san yadda akuya take kwana. A Nuwamba 2000 lokacin zanga-zangar FIMA, bikin tufafi ne na Alphadi can Yamai, amma a Maraɗi coci aka taɓa, mi ya haɗa mu da shi? Janairu 2015 wasu marasa addini a Pari suka yi zanen ɓatanci ga Annabi, mutanen da su kansu ba su bar Yesu ba ba su bar Paparoma ba a zanensu, amma a Damagaram da Yamai cocinmu aka ƙona, Yamai kaɗai 45, mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Yuni 2019 an kama wani limami a Maraɗi kan dokar tsara harkar ibada, cikin dare aka sa ma cocin Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya wuta, shi kanshi limamin da aka sake shi ya ce a daina, Musulunci bai ce haka ba. A duk ukun nan ba mulhidi ko ɗaya da ya riƙe ashana a Nijar.
Shi ya sa in na ji an ce raba addini da gwamnati aikin marasa Allah ne sai raina ya ɓaci. A Amurka masu ibada ne, ƴan Baptis na Danbury, suka rubuta ma shugaba Jefferson suna tsoron manyan coci su danne su, shi ne ya amsa musu a 1802 da zancen katanga tsakanin coci da gwamnati. Mai rauni ne ke neman katanga. Ni ban yarda da mulhidi ba ko kaɗan, ina yi mishi addu'a, amma dokar da ta hana a ja shi da ƙarfi zuwa masallaci ita ce ta hana a ja ni.

Malam na Limanci:
Ɗiyata, wanda ya ƙona coci bai yi da yawun addini ba kuma na faɗa a kan mumbari ba nan kaɗai ba. Babu tilas a addini, aya ce cikin Baƙara. Maƙwabcina Kirista yana da haƙƙi a kaina. Amma ki raba min abu biyu: wanda bai yi imani ba ya yi shiru cikin gidanshi, tsakaninshi da Mahaliccinshi, da wanda ya hau Facebook yana zagin abin da muka fi so fiye da uwayenmu. Na farkon kiwonshi ne, na biyun ya saki kura cikin garke.

Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko:
Baba Malam ka gafarce ni in sa baki. Wannan rabewa da ka yi ita ce ainihin wurin da ake rigima, don tambayar ita ce wa zai yanke cewa an saki kurar, alƙali ko taron jama'a? Ga misali kusa da mu, Mubarak Bala shugaban ƙungiyar marasa addini ta Najeriya a lokacin, an kama shi a Kaduna Afrilu 2020 kan abin da ya rubuta a Facebook, kotun Kano ta ba shi shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Wasu sun ce ya yi kaɗan wasu sun ce bai kamata a kama shi ba sam, amma dai gaban alƙali aka je, ba a ƙona gidan maƙwabcinshi ba.
Kuma namu tsarin na Nijar ba na Faransa ba ne, mutane suna haɗa su. Tsarin mulkin 1960 ya ce jamhuriya layik ce, bayan taron ƙasa na 1991 malamai suka ƙi kalmar aka cire ta. Na 25 ga Nuwamba 2010 sashe na 3 ya ce a raba gwamnati da addini, sashe na 8 ya ce ƙasa tana girmama kowane imani tana kare shi kuma ba addinin da zai karɓe ikon siyasa, sashe na 9 ya hana kafa jam'iyya kan addini. Sojoji sun dakatar da shi bayan 26 ga Yuli 2023, amma a ƙarƙashinshi shugaban ƙasa a kan littafi mai tsarki na addininshi yake rantsuwa, gwamnati ke biyan malaman franko-arab, medersar Say tun 1957 take, akwai COHO mai shirya aikin hajji. Mulhidin Faransa in ya ga wannan cewa zai yi ba mu raba komi ba. Malaminmu kuma ya ce mun raba da yawa. Ƙasar da ƙidayar 2012 ta ce fiye da 99 cikin 100 Musulmi ne, ni ban ga ta inda kura za ta fito daga ragowar ɗayan nan ba.

Bagobirin Tibiri:
Yaro ka yi karatu, Allah shi ƙara. Ni abin da ab ban mamaki, muna magana kamar Bature ya koya muna zama da wanda bai salla. Maraɗi ga su wa sunka kafa ta? Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadin Ɗan Hodiyo ya kora, mu kuma Gobirawa munka zamna Tibiri. Sarki Musulmi ne, ga limaminai ga alƙalinai, amma cikin fada guda ga Iya shugabar ƴan bori, ga Anna, masu addinin gargajiya, da sarkinsu da bukukuwansu na daji. Ba raba addini da sarauta anka yi ba, a'a, kowa dai anka ba wurinai kuma sarki shi ad da alhakin kar wani shi ci wani. Ban ce a koma bori ba, Allah shi kiyaye, ni na yi Makka. Amma kakanninmu sun san wanda bai salla maƙwabci na, ana biki tare ana zana'ida ana gaisawa. Anne dai ya san akwai Allah, wanga na yanzu shi ne sabon abu, shi ya sa hankali ya tashi.

Mushen Bagalam:
Baba Bagobiri wannan ta ƙarshen ita ce ta tsaya min. Ni a aji ina da ɗiyan Musulmi da ɗiyan Kirista biyu uku, kuma yaran yanzu da portabul a hannu suna jin maganganun da mu ba mu ji ba sai da muka girma, wani zai tambaye ka Mushe in Allah ya halicci komi wa ya halicci cuta, ba don ya kafirta ba don ya gani a bidiyo. In na daka mishi tsawa ya koma ma mai bidiyon. In na mai da ajin lissafi wa'azi kuma uban ɗiyar Kirista yana da gaskiya ya zo ya tambaye ni. Abin da nike yi shi ne in ce ya same ni bayan an tashi, in kuma tura shi wurin malamin da na san zai amsa ba zagi.

Malam na Limanci:
Turo min shi Mushe, bayan la'asar ina zaure. Amma ɗalibi, lissafinka na 99 cikin 100 ban karɓa ba, kura ɗaya ake saye ba garke ba, kuma ta waya take shigowa yanzu ba ta ƙofar gari ba. Inda na yarda da kai shi ne alƙali, ba taron jama'a ba. Sai dai alƙalin da wace doka zai yi hukunci, wadda Faransa ta bar muna ko wadda mutanen ƙasa sunka yarda da ita? Nan ne ni da kai ba mu gama ba.

Ɗiyar Danja:
Baba Malam, in za a zauna rubuta wadda mutanen ƙasa suka yarda da ita, a kira mu zaman tun farko, mu ma mutanen ƙasa ne. Kar a gama a aiko muna da takarda.