Masu zuwa gasar harbi, ta yi muku rana a farautar dawa kuwa?

Bakatsinen Denba: Salam jama'a. Na samu lasisin farautar elk, wata ƙatuwar dabbar dawa mai ƙaho, a jihar Kolorado ta Amurka na watan Oktoba, to abokin aikina ya tasa ni gaba wai sai na shiga gasar harbin nesa kafin mu hau duwatsu, ni kuma gani nake kuɗin harsashi kawai zan ƙona. Waɗanda suka taɓa haɗa biyun don Allah ku ba mu labari.

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka je wallahi. Ni PRS nake zuwa, wato gasar harbin nesa ta Precision Rifle Series, wadda aka fara a 2012, kuma ba a teburi ake harbin ba, za a ba ka daƙiƙa 90 ko minti 2 da harsashi kamar 10, a ce ka ɗora bindiga a kan dutse ko taya ko shinge ka sami faifan ƙarfe a yadi 400, 600, wani lokaci har 1000, agogo na tafiya mutane na tsaye a bayanka suna kallo. Rawar jikin da ke kama mutum a nan ita ce dai take kama shi in ya hango ƙahon elk cikin madubin saiti. Da na je Montana na ga barewa hannuna da kansa ya ciro jakar yashi ya gyara zama, ban tsaya tunani ba. Amma babban abin da na samu shi ne na san iyakata, a tsugune in ya wuce yadi 350 ba na taɓa kunama, don takardar maki ta nuna min sau nawa nake kuskure daga nan.

Kawu Na Ohayo: Yaran nan kuna ba ni dariya. Mu da muka tashi muna bin iyayenmu daji da adaka, wa ya san wani yadi 600? Farauta ai sanɗa ce da sanin inda iska ta nufa don kada dabba ta ji warinka. Ƙarfe ba ya tafiya, ba ya jin ciwo. Ka sami gefen faifai a ba ka maki, ka sami gefen dabba ka fasa mata ciki ta gudu ta je ta mutu a kwazazzabo, ga alhaki ga asarar nama. Na ga masu gasar nan da ke jin kansu suna harbi daga inda bai kamata ba.

Ɗan Maraɗi: Kawu ranka ya daɗe gaskiyarka ne a kan sanɗa, wannan babu gasar da ke koyar da ita. Amma masu harbin gangancin da na sani yawanci waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban agogo ba ne, sun harba uku a teburi sun ga harsasan sun haɗu wuri ɗaya shi ke nan.

Maman Haidar: Ni da maigidana NRL Hunter muke yi, gasar harbi ce da ke kwaikwayon farauta, kuma ita zan ba ka shawara, don bindigogin PRS wasu nauyinsu ya haura fam 20, wa zai hau dutse da wannan? A tamu akwai ajin da bindiga ba ta wuce fam 12, akwai na fam 16. Ba a nuna maka inda faifan yake, siffar dabba aka yanka shi aka ɓoye a tsauni, minti 4 gare ka ka nemo shi da tabaran hange, ka auna nisa, ka kafa ƙafa-uku ka harba, kayanka duk a bayanka. A nan na gane rabin lokaci a lalube cikin jaka yake tafiya, yanzu komai da aljihunsa. Sai karatun iska, Kestrel, na'urar auna iska, tana faɗa maka ta inda kake tsaye ne kawai, ta tsakiyar kwari sai dai ka kalli ciyawa da ƙura.

Injiniya Boise: Abin da ba a faɗa ba shi ne numfashi. Elk ɗin Kolorado a Oktoba za ka iya samunsu sama da ƙafa 9,000, ka iso kana haki zuciya na dukan uku-uku, ga iskar can ba ta da kauri, harsashi ba ya sauka kamar yadda ya saba a ƙasa, lissafinka na filin gasa sai ka sake shi. Ni nakan yi gudu da jaka a baya sannan in kwanta in harba ɗaya tak da bindiga mai sanyi da ba a riga an harba ba, don a dawa na farkon nan shi ne naka. Kuma ka tuna namijin elk ya fi kilo 300, doka ta hana barin nama a daji, duk nisan da ka harbe shi a bayanka za ka fito da shi. Bisimilla kafin ka harba, wuƙa a kusa, in ka tarar da sauran rai ka yanka.

Bakatsinen Denba: Na gode ƙwarai. Hajiya to kuɗin fa? Harsashin babbar bindiga irin 6.5 Creedmoor ba arha ba.

Maman Haidar: Fara da NRL22, gasar ƙaramar bindiga ce .22, wata-wata ake yi kuma yawanci ba ya wuce yadi 100, harsashinta da sauƙi sosai kuma iska na wasa da shi yadda za ka koyi karatunta dole. Ka yi biyu ko uku kafin Satumba sannan ka ɗauki wadda za ka hau dutse da ita ka je NRL Hunter ɗaya.