Sikari ya faɗi a ruwan ƙashin baya, amma kalca bai nuna komai ba

Tambaya:
Salamu alaikum likitoci da malaman lab. Yaro ne ɗan shekara 9, zazzaɓi, amai da sanƙarewar wuya. Ruwan ƙashin bayansa ya fito gurɓatacce: sikari 28 mg/dL, na jini 110, furotin 180 mg/dL, fararen ƙwayoyin jini 900, yawanci niyutrofil (nau'in da ke yaƙar bakteriya). Kwana 2 kalca (gwajin rainon ƙwayar cuta a lab) shiru. An yi masa allurar ceftriaxone (maganin kashe bakteriya) tun daga asibitin ƙauye. Mu ɗauka sankarau na bairos ne a tsayar da magani?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada a tsayar. Raba 28 da 110, kin samu 0.25. A mai lafiya sikarin ruwan yana kusan 0.6 na na jini, kuma duk abin da ya gaza 0.4 bakteriya ake fara zargi. Sankarau na bairos da wuya ya taɓa sikari, kuma limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin, ne ke rinjaye. Ana yawan cewa bakteriya ne ke cinye sikarin. Gaskiya rabonsu kaɗan ne: fararen ƙwayoyi da naman ƙwaƙwalwa ne ke ƙona shi cikin ƙarancin iskar oksijin, sannan kumburi ya lalata hanyar da sikari ke bi daga jini zuwa ruwan. Wannan ƙonawar ce ke haifar da sinadarin laktet a ruwan. In kuna iya aunawa, sama da 3.5 mmol/L na ƙarfafa zargin bakteriya, sai dai bayan an sha magani yakan yi ƙasa.

Amsa ta biyu:
Shirun kalca ba abin mamaki ba ne, Hajiya. Meningokokas, bakteriyar da ke yawan kawo sankarau, kan mutu cikin kamar awa 2 da allurar farko, alhali sikari da furotin suna ɗaukar kwanaki kafin su daidaita. A tura ragowar ruwan a yi masa gwajin PCR, mai gano DNA ɗin ƙwayar cuta, shi baya buƙatar ƙwaya mai rai. Nan gaba a kiyaye: a auna sikarin jini dab da huda baya don ɗibar ruwan, ruwan ya isa lab cikin awa ɗaya, domin in ya zauna fararen ƙwayoyin na fashewa, sikarin na ƙara raguwa. Kwalbar kalca kuma ba ta shiga firji, sanyi na kashe meningokokas. In tafiyar da nisa, a zuba a Trans-Isolate, kwalbar da ke riƙe ƙwayar cuta da rai a hanya.

Amsa ta uku:
Ƙari kaɗan. A duba maleriya, don wadda ta hau ƙwaƙwalwa ma tana ɗaga laktet, amma ruwanta garau yake, ƙwayoyi kaɗan. In ciwon ya ja fiye da mako, limfosait suka yi yawa, sikari ƙasa, furotin sama sosai, a nemi tarin fuka da na'urar gwaji ta GeneXpert, a kuma gwada HIV. Wannan yaron dai a ci gaba da ceftriaxone 100 mg kan kowane kilo a rana, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a kuma gwada jinsa kafin sallama, domin kurumta na yawan biyo bayan sankarau.