Zogale a Gaban Gida

Mai riƙon zaure:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganar wannan makon daga bakin ɗan'uwanmu gadina ta fito, wanda ke aiki a wani gida a Unguwar Rimi, nan Kaduna. Ya dasa zogale da yakuwa a jikin katanga kusa da get, aka ce ya tuge su don suna sa gida ya yi kama da ƙauye. Na roƙe shi ya zubo mana ita a waƙe. Mai amsawa ya amsa da baiti, kowa da amsa-amon da ya zaɓa. Ban da zagi, ban da kama sunan kowa. Bismillah, Baba.

Gadina, Unguwar Rimi:

Da sunan Allah za ni fara,
Mai raya ƙasa bayan mutuwa.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Da alayensa da masu biyowa.

Ni ne gadina, ku ji kukana,
Hannuna ya saba da dasawa.

Tun da asuba nake jan tiyo,
Ciyawar kafet nake shayarwa.

Almakashi na kan shinge kullum,
Reshe ya leƙo, ni ke datsewa.

In baƙi sun yaba lambun nan,
Mai gida ne ke amsawa.

Sai na ga fili jikin katanga,
Ya zauna banza, ba mai dubawa.

Na kawo sandan zogale na kafa,
Na yafa a gindi irin yakuwa.

Ba don in sayar ba, Allah shaida,
Don kuku ya tsinka wajen dafawa.

Shi zogale bai son ruwa da yawa,
Ko rani ya yi, yana tohowa.

Sai mai gida ya fito da baƙi,
Ya hango ganye yana kaɗawa.

Ya ce, "Wa ya mai da gidana ƙauye?
Gobe da safe ka zo tugewa."

Na tuge, don abincina na nan,
Akwai 'ya'ya da nake ciyarwa.

Amma zogalen da ake ci a gidan,
Ni ake aika Kawo sayowa.

Tambayata gare ku, 'yan zaure,
Me ganyen nan ya yi na kunyatawa?

A cikin kwano kowa na yabonsa,
A bakin get ne ake korewa.

Hajiya, Malali:

Baba gadina, sannu da aiki,
Na ji kukanka, na san da ɗaci.

Kalmar ƙauye ba ta dace ba,
Ba a yi wa babba cin mutunci.

Amma bari in tsaya wa fure,
Ba duk shuka ce don abinci
Ake yin ta ba, ka yarda, Baba,
Ido ma na da nasa hukunci.

Allah da Ya yi gero da dawa,
Shi Ya yi fure cikin karamci.

In na dawo aiki, kai na sara,
Gun fure nake sauke ƙunci.

Gida da tsari yake tafiya,
Gaba na baƙi ne da zumunci.

Baya akwai fili na lambu,
Can zogale zai sami aminci.

In na ce ba na son rama a get,
Ra'ayi ne, ba wulaƙanci.

Kowa da abin da idonsa ke so,
Son fure daban, daban zalunci.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:

Ni masaƙa na yi wa aiki da ƙuruciyata. Tun da aka buɗe ta farko a Kakuri a 1957 unguwar nan da jiniya take tashi, har masaƙun suka bi juna suna rufewa bayan shekarar 2000. Da yawanmu sai muka gangara bakin kogi da fartanya. Ga tawa.

Hajiya, kin ce a kai shi baya,
Can inda ɗakin boyi ya tsaya,
Can inda kuku yake yin shanya,
Mu da shukarmu a ɓoye gaba ɗaya,
Wannan rabon shi muke kira raini.

Ku gangaro kogi ku yi dubawa,
Daga Kabala har Nasarawa,
Fangali jere, ruwa na shigewa,
Latas, kabeji, karas, kuɓewa,
Duk da gumi muka yi su a rani.

Mu ci bashin mai, mu ci bashin taki,
Tun kan assalatu muna kan aiki,
Hunturu na tsaga mana baki,
Dillali ya zo ya saya a sauƙi,
Riba tasa, gajiya gare ni.

A 2016 tsutsa ta sauka,
Ta bi tumatir ta cinye shuka,
Jiha ta sa dokar ta-ɓaci kan haka,
Manyan gidaje ma sun yi kuka,
Ranar aka san lambu da amfani.

Fure kuwa ban ga abin yabo ba,
Ba a taɓa yin miya da shi ba,
Bai taɓa tsai da kukan yaro ba,
Mai sai da shi bai san noma ba,
Wasa yake da leda da launi.

Mai sayar da dashe, bakin titi:

Baba na Kakuri, ka taka ni,
Sana'ata ce ka kira wasa.

Rainin da ka ce ana yi maka,
Shi ka ɗauko ka sauke wa na ƙasa.

Ledar fiya wata nake tsintowa,
In huda gindi, in cika da ƙasa.

In yanko reshe in jira saiwa,
Wani ya kama, wani in rasa.

Ruwan da nake ba su, ni ma saye ne,
Rana ta buɗe, ta bi su ta gasa.

Ba fure kaɗai ke rumfata ba,
Akwai mangwaro mai aure na dasa.

Da gwaiba, kashu, da lemon zaƙi,
Da dogon yaro mai tafiya bisa.

Alhaji zai tsaya cikin mota,
Ya sauke gilashi kaɗan daga nesa.

Ya nuna da yatsa, ba sallama,
In ce rainona ne, ya janye tayinsa.

Wanda aka kawo daga Jos ko Legas,
Shi zai biya ninkin kuɗinsa.

Mai babur kuwa ya sauka ya gaishe ni,
Ya sai gwaiba ɗaya don gidansa.

Itacen da kake sha wa inuwa a titi,
Wani ne ya raine shi tun a ledarsa.

Ka janye kalmar nan, Babana,
Ni ma manomi ne, ka sa ni a kusa.

Malamar tarihi, Tudun Wada:

Ku ba ni dama in sa baki da zube kaɗan kafin baiti, don rabon gaba da baya da Hajiya ta kawo yana da asali. Da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sun keɓe wa kansu unguwa, ita ce GRA ta yau. Dokar garuruwa ta wannan shekarar ta ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, hujjarsu sauro da zazzaɓi. Fuloti mai faɗi, ciyawa a gaba, ɗakin boyi can ƙurya. 'Yan ƙasa kuwa aka tara su a Sabon Gari da nan Tudun Wada, inda ko wurin shanya sai an yi dabara. Abin yana ci mini rai duk lokacin da nake koyar da shi.

Bature ya tafi a 1960,
Ya bar gidajen a hannunmu.

Muka gaji ciyawa, muka gaji shinge,
Muka gaji nisanta da junanmu.

Da can ƙofar gidan Bahaushe,
Durumi ne, inuwar dattawanmu.

Ceɗiya a dandali, garka a gefe,
Kabewa na hawa dangar gidanmu.

Ba mai ce wa kabewa ƙauyanci,
Miyar taushe ce take haɗa mu.

Yau ciyawar da ba a bai wa akuya,
Ita muke nunawa in mun samu.

Ban ce a tuge fure ba, Hajiya,
Ki duba wa ya zana tsarinmu.

Uwar gida, Rigasa:

Ina jin ku, masu gaba da baya,
Ni ɗaki ɗaya ne, babu garka.

Gidan haya ne, daɓen siminti,
A tsohon buhu nake yin shuka.

Na samo ƙasa daga bakin rafi,
Da takin akuya, na jera duka.

Alayyahu nan, attaruhu can,
Lalo a bokitin da ya bar ɗauka.

Ran da kuɗin cefane ya gaza,
In tsinki ganye, miya ta sauka.

Famfonmu ya daɗe bai kawo ba,
Mai kura ke kawo mana jarka.

Ruwan wankin shinkafa, na alwala,
Ba na zubarwa, su nake jiƙa.

Can na ji ana ban ruwa da bohol,
Ciyawa na wanka rani da kaka.

Ruwan da take sha wuni guda,
Da zai zo layinmu, da mun ce barka.

Kuma raini ba sai GRA ba,
Nan ma cikinmu ana yin haka.

Maƙwabciyata ta sai furen roba,
Ta kafa a falo, ba ta son shuka.

Ta ce buhunana ke kawo sauro,
Ta ce talauci ya bayyana a fuska.

Na duba gindinsu, ruwa bai kwanta ba,
Kwatar layi ce sauron ke sauka.

Mai gidan haya ya ce in kwashe,
Wai danshi zai ci masa bango duka.

Na roƙe shi, ya bar ni zuwa salla,
Daga nan sai abin da Allah Ya ɗauka.

Hajiya, Malali:

'Yar'uwa ta Rigasa, kin taɓa ni,
Batun jarkarki ya shiga zuciyata.

Na fid da famfo waje don layi,
Sai dai kin yi nisa da unguwata.

Malama, na ji batun Bature,
Ni son fure na gada gun uwata.

Lalle ta dasa a tsakar gidanmu,
Ƙamshin furensa har maƙwabta.

Ba ta taɓa zama a GRA ba,
Kuma kullum sai ta duba shukarta.

Baba na Kakuri, ga tambaya,
Ba don raini ba, don batun tsabta.

Ana cewa latas na bakin kogi,
Wani ban ruwansa daga kwata.

Shi ya sa wasunmu ke ja da baya,
Uwa na tsoron ɗanta ya ɗau cuta.

In ba haka ba ne, ka faɗa mini,
In ji daga bakinka, in huta.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:

Ɗana mai dashe, na ji ka, za mu yi tamu a gefe. Bari in fara amsa wa Hajiya, don tambayarta ta shafi abincinmu.

Hajiya, kin tambayi gaskiya,
Akwai mai ja daga kwata, ba ƙarya,
Rani in ya kai, kogi ya ja baya,
Mai gajeren tiyo bai da wata hanya,
Ni nawa daga kogi, ki zo ki gani.

Amma kwatar nan wa ya cika ta?
Daga unguwanni ake sako ta,
Da na masana'antu a gauraya ta,
Ta bi ta Makera da duk dattinta,
Sannan a ce laifin na gare ni.

Agusta ta zo, kogi ya cika,
Ya haura gaɓa ya kwashe shuka,
Mu jira Nuwamba mu sake haƙa,
Ba mai biyan mu, ba mai jin kuka,
Mu gode Allah, mu koma noman rani.

Yanzu fadamar ake yanka fuloti,
An kafa turaku, an zuba siminti,
Inda na yi albasa za a ja titi,
A ta da katanga, a shafa fenti,
A dasa ciyawa inda ke ciyar da ni.

Filin aro ne, ba ni da takarda,
Dattawan da suka ba ni ne shaida,
Sun rasu, 'ya'yansu ba sa yarda,
An ce in tashi daga gefen gada,
Kabeji bai naɗe ba, a ɗan jira ni.