Tambaya: Idan aka ƙara ja wa birni ruwa da wuta daga Tiga, me zai rage wa manomi?

Ɗan Bunkure ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina noman rani a ƙarƙashin aikin ban-ruwa na Kadawa, kuma akwai maganar da ta raba kan mutane a majalisarmu. Wasu sun ce tun da aka kafa injin samar da wutar lantarki a madatsar Tiga, ga shi kuma birnin Kano yana ta faɗaɗa yana neman ƙarin ruwan famfo, to wata rana kwatar da ke kawo mana ruwa za ta ƙafe. Wasu kuma sun ce injin wuta ba ya shan ruwa, wucewa kawai ruwan yake yi. Ina roƙon masu ilimin abin su warware mana.

Tsohon ma'aikacin ban-ruwa, Kura, ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da sakin ruwansu. Ruwan Tiga yana fita ta hanya biyu: babbar kwata da ke bi ta Ruwan Kanya ta shayar da gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam, sai kuma kogin Kano, wanda matatar Tamburawa ke ɗiba daga cikinsa ta tura wa birni. Gaskiya ne injin wuta ba ya cinye ruwa, amma yana son a riƙa sakinsa kullum ba yankewa, alhali manomi yana bukatarsa da yawa a lokacin zafin Maris da Afrilu, ba ya bukatarsa a tsakiyar damina. Saboda haka gardamar ba ta yawan ruwa ba ce kaɗai, ta lokacin sakinsa ce, kuma duk abin da aka saki a watan da gona ba ta nema, ba za a same shi a ranar da tumatir ke fure ba.

Sannan kada ka ɗauka birni abokin gabarka ne. Ita kanta matatar ba ta iya tura ruwa sai da wuta, kuma ranar da wuta ta ɗauke, mutanen unguwanni sai su koma ga 'yan garuwa, waɗanda ke sayo ruwa daga rijiyar burtsatse mai aiki da janareta. Kuɗin da magidanci ya ƙara a kan jarka, daga kuɗin cefane yake cire shi, wato daga kwandon da kai ka aika kasuwar 'Yankaba.

Hajiya mai turara shinkafa, Garun Malam, ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya, amma ya tsallake mu. Shinkafar da ake ci a birni ba ta fita daga gona ta faɗa tukunya. Sai mun jiƙa ta, mun turara ta a ganga da itace, mun shanya, sannan a kai ta injin casa, wanda mafi yawan lokaci da man dizal yake aiki domin wutar ba abin dogaro ba ce. Itacen ma yanzu daga nesa ake kawo shi, domin masu gawayi da gidajen burodi na birni sun riga mu zuwa dawa. Da yawanmu mun koma ƙona ɓuntun shinkafa, duk da hayaƙin da ke cika ido. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda gonarsa ke nesa da kwata, yana jan ruwa da inji, ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa, shi ya sa mai hali ya koma sola, marar hali ya rage fili. Mutumin birni yana ganin tsadar buhu sai ya ce manomi ya yi haɗama, bai san man inji, kuɗin mota da takin zamani duk suna cikin buhun ba.

Masunci daga Haɗeja ya amsa:

Ku gafarce ni, mutanen Kano, amma kuna magana kamar kogin ya ƙare a Wudil. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke shayar da aikin ban-ruwa na Auyo da fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya nufi Gashuwa. Kafin madatsun, iyayenmu sun san ambaliya tana zuwa da damina ta cika fadama, kifi ya hayayyafa, a yi shinkafa, ruwa ya janye a shuka wake, makiyaya su shigo da shanu. Yanzu ambaliyar nan mai amfani ta ragu, sai ɗan ruwa da ke kwarara har cikin rani, kuma shi ne ya raya kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Sakin ruwa kullum da Malam ya ce injin wuta ke so, shi ne abincin kachalla. Busasshen kifin da ake sayarwa a kasuwannin Kano kuwa, da yawansa daga wajenmu yake zuwa.

Tsohon ma'aikacin ban-ruwa ya sake amsawa:

Maganarka dutse, ɗan'uwa, ban musa ko ɗaya ba. Abin da zan ƙara wa Ɗan Bunkure shi ne ya fara duba kwatar da ke bakin gonarsa, domin ruwan da ke zurarewa ta tsagaggen siminti da wanda ciyawa ke tarewa yana da yawa, kuma ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yankinku za ta iya gyara wannan da aikin gayya. Ku kuma nemi a riƙa sanar da ku jadawalin sakin ruwa kafin ku zuba iri, a rubuce, yadda na Auyo da na Haɗeja ma za su gani.