Da wane ma'auni ake auna nauyin lalurorin ƙwaƙwalwa a Afirka kudu da Sahara?

Ɗalibar Kiwon Lafiya:

Assalamu alaikum. A darasinmu na makon jiya an gaya mana cewa lalurorin ƙwaƙwalwa suna cikin manyan abubuwan da ke danne lafiyar jama'a a Afirka kudu da Sahara. Maganar ta tsaya mini a rai, domin a asibitin sha-ka-tafi da nake sanin makamar aiki, zazzaɓin cizon sauro da gudawa da hawan jini ne ke cika rajista, kuma wata uku ke nan ban ga an rubuta ciwon damuwa a katin kowa ba. Da wane ma'auni aka auna wannan nauyi, kuma daga ina alƙaluman suke fitowa?

Malamin Ƙididdiga:

Wa alaikumus salam, Malama. Da a ce gawa kawai ake ƙirgawa, da ba a ga waɗannan lalurori a lissafi ba, domin ba kasafai ake rubuta su a matsayin sanadin mutuwa ba. Tun daga rahoton Bankin Duniya na 1993 aka fara amfani da wani ma'auni da ke haɗa abu biyu: shekarun da mutuwar wuri ta yanke wa mutum, da shekarun da ya yi yana raye amma cuta ta rage masa lafiya. A kashi na biyun ne lalurorin ƙwaƙwalwa suke fitowa fili. Zazzaɓi yakan kwantar da mutum mako guda, ya warke ko ya tafi da shi, amma ciwon damuwa ko taɓin hankali yakan kama mutum tun yana saurayi, ya bi shi shekara da shekaru, ya raba shi da gona da kasuwa da zaman aure.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da irin waɗannan lalurori a duniya, wato ɗaya cikin takwas, kuma fargaba da ciwon damuwa ne a kan gaba. A 2019 ɗin kuma yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan masu kashe kansu, kimanin 11 cikin kowane mutum 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne. Ki haɗa wannan da cewa yawancin mutanen yankin matasa ne, shekarun da waɗannan lalurori suka fi farawa, za ki ga dalilin da ya sa nauyin yake ƙaruwa tare da yawan jama'a.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya:

'Yata, waɗannan lalurori suna nan cikin rajistar taki, da wani suna aka rubuta su. Na taɓa kula da wata mai jego da ta zo sau huɗu cikin wata biyu, kullum kukanta ɗaya: kanta yana zafi, gabanta yana faɗuwa, wani abu yana yawo a jikinta, barci ya ƙaurace mata. Sau huɗu ana ba ta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. Sai a zuwa na biyar, da na zaunar da ita na tambaye ta yadda take ji game da jaririn, ta fashe da kuka ta ce ko kallonsa ba ta iya yi. A katinta kuwa babu abin da aka rubuta sai maleriya.

Waɗanda abin ya tsananta gare su ma ba asibiti ake fara kai su ba. Ana farawa da mai ruƙiya ko mai maganin gargajiya, a ce sammu ne ko iska, idan an gaji a ɗaure mutum a ɗaki ko a kai shi gidan mari. Ba na zargin iyalai da mugunta, domin sau da yawa babu inda za su je. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne ga kowane mutum 500,000 a yankin Afirka, kuma abin da gwamnatoci ke kashewa a wannan fanni bai kai santi 50 na dala ga kowane mutum ba. Mutumin ƙauye da zai kai ɗansa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Barnawa ko Maiduguri sai ya sayar da akuya kafin ya biya kuɗin mota kaɗai.

Mai Bincike daga Zariya:

Ina so in ɗan ja hankali a kan alƙaluman da Malam ya kawo, ba don ƙarya ba ne, sai don a san yadda aka same su. Ƙasashe da yawa na yankin ba su taɓa yin binciken gida-gida a kan wannan batu ba, kuma yawancin mace-mace ba a yi musu rajista, saboda haka ƙiyasi ake yi daga bayanan wasu wurare. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa kimanin kashi 12 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun taɓa fama da wata lalura a rayuwarsu, kuma cikin waɗanda abin ya yi wa tsanani kimanin kashi 8 ne kawai suka sami magani. Amma a ƙasar Yarbawa aka yi shi, tun kafin rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga su raba miliyoyi da gidajensu. Haka kuma inda yunƙurin kashe kai laifi ne a doka, kamar Najeriya, iyali ba za su faɗi gaskiya ba. Ghana ta soke wannan hukunci a 2023. A ganina alƙaluman sun gaza ainihin abin da ke ƙasa.

Ɗalibar Kiwon Lafiya:

Na gode ƙwarai. To idan likitocin ba za su wadatu nan kusa ba, wa zai ɗauki aikin?

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya:

Ke da ire-irenki. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya, su yi maganin abin da za su iya, su tura sauran gaba. Tunanin ma ba baƙo ba ne, domin a 1954 Dakta Thomas Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta. A Harare kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, gwaji ya nuna abin yana aiki. Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, sai dai a wurin da nake har yanzu magungunan ba su iso kantin asibiti ba. Gobe idan mai zafin kai da rashin barci ya dawo karo na uku, ki tambaye shi abin da yake tunani idan dare ya yi, sannan ki rubuta abin da ya faɗa a katinsa.