Direban da ya miƙa makulli yana iya haƙura kuwa? Tambaya kan Martin Truex Jr.

Bakaniken Rafin Atiku:

Assalamu alaikum jama'a. Ni bakanike ne a Birnin Kebbi, kuma tun 2016 nake bin tseren motocin Amurka na NASCAR a waya. Wani yaron garejinmu ne ya fara nuna min tseren Coca-Cola 600 na shekarar. Zagaye 400 aka yi, motar Martin Truex Jr. mai lamba 78 ce a gaba a 392 daga ciki. Abin da ya kama ni, ni mai taɓa inji kullum, shi ne a taka mota mil 600 ba sassauci, ba ta yi tari ba, ba ta ɗauki zafi ba. Tun daga ranar na zama nasa.

Da na bi diddigi sai ƙaunar ta ƙaru. Gidan tseren da yake yi wa tuƙi a lokacin, Furniture Row, na wani mai sayar da kujeru da gadaje ne, garejinsu kuma yana Denver a jihar Kolorado, alhali kusan duk manyan gidajen suna Karolina ta Arewa. Kamar a ce gareji ɗaya a Kamba ya gagari na Kano da na Kaduna. A 2017 ya ci tsere 8 ya ɗauki kambu. Ƙarshen 2018 aka rufe gidan saboda kuɗin ɗaukar nauyi ya yanke, ya koma gidan tseren Joe Gibbs yana jan lamba 19.

A watan Yunin 2024 ya ce idan kakar ta ƙare ya gama tseren kowane mako. Ya tafi da nasara 34 a babbar gasar NASCAR. Na yi baƙin ciki, amma na ce mutum mai shekara 44 ya yi abin da zai yi. Kwatsam a Fabrairun 2025 sai ga shi a Daytona 500, tseren da ya fi kowane suna a NASCAR, cikin Toyota mai lamba 56 ta gidan tseren Tricon Garage, tare da Cole Pearn, shugaban bakanikensa na lokacin kambu, wanda shi ma ya bar aikin tun ƙarshen 2019. Daren nan ban yi barci ba. Ruwan sama ya tsayar da tseren a can, ni kuma ina zaune a kan benci da bargo, sanyin hunturu na shiga ta ƙasan ƙofa, ina lallaɓa cajin waya. Ba a kai rabi ba motoci suka cakuɗe da juna, tasa na ciki. Shi ke nan.

Tambayata biyu ce. Kuna ganin zai sake dawowa? Kuma daidai ne mutum ya ce ya aje, sannan ya riƙa leƙowa sau ɗaya a shekara?

Ba don Truex kaɗai nake tambaya ba. Mahaifinmu ya haura shekara 30 yana jan motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Kontagora, ta Jega da Koko da Yauri. Shekara biyu da suka wuce muka taru muka roƙe shi, ya miƙa wa ƙanena makulli. Amma duk ranar kasuwar Jega, da an sallame asuba zai sa hularsa ya je ya tsaya jikin motar, hannu a kan bonet, ya ce, "Bari in kai ta Jega kawai in dawo." Gidanmu ya rabu biyu a kan wannan magana.

Malamin Aliero:

Wa alaikumus salam, Oga. Bari in ɗauki ta farkon, ta biyun a bar wa manya.

Abin da Truex ya aje shi ne zaman kaka gaba ɗaya. Babbar gasar tana da tsere 36 masu maki, daga Fabrairu zuwa Nuwamba, kusan kowane ƙarshen mako a wani gari daban. Tsakanin mako kuma akwai zaman injiniyoyi, da gwaji a na'urar kwaikwayon tuƙi, da hidimar kamfanonin da suka zuba kuɗi. Wanda ya yi kusan shekara 20 a haka, yawon ne ke fara isarsa tun kafin sitiyari ya ishe shi. Shi da bakinsa, ranar da ya yi sanarwar, bai rufe ƙofar shiga tsere jefi-jefi ba.

Ƙofar kuwa a buɗe take a tsarinsu. Bisa al'ada motoci 40 ke shiga, 36 suna da gurbin dindindin, saura 4 na duk wanda ya zo da mota ya ci gwajin gudu ko tseren share fage. Ta nan shi da Jimmie Johnson, wani tsohon zakaran gasar, suka shiga Daytona 500 a 2025, da ƙarfin gudunsu. Kuma ka lura, a wannan gwajin Chase Briscoe ne ya zo na ɗaya, cikin lamba 19 ɗin da Truex ya bari. Kujerar ta samu mai ita. Maganar komawa cikakken lokaci ka cire ta a ranka.

Me ya sa Daytona? A ganina dalili biyu. Na ɗaya, bashi ne. A 2016 Denny Hamlin ya riga shi tsallake layi da kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa, ratar da ba a taɓa yin mai ƙanƙantarta ba a tarihin tseren. Yana da kambun babbar gasa, yana da na ƙaramar gasa biyu, 2004 da 2005, amma wannan kofin bai taɓa shiga hannunsa ba. Na biyu, yanayin filin. Da'irar mil biyu da rabi ce, ana zagaya ta sau 200, wato kimanin kilomita 800. Ka je Sakkwato daga Birnin Kebbi ka dawo sau biyu, ba ka kai ba. Ana rage wa injuna ƙarfi a wannan fili, don haka motocin sai su dunƙule wuri ɗaya, hancin wannan a gindin waccan, ta gaba na yanka iska ta baya na tura ta, a gudun da ya kai kilomita 300 a awa. A irin wannan cunkoso ƙaramin gida ma yana da rabo idan direban ya san iska. Johnson, yana da shekara 49, na uku ya zo a wannan tseren da ka kwana kallo. Sai dai cunkoson da ke ba ka dama shi ne ke cinye ka: mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a gaba, goma su biya.

Magabatansa kuwa kowa da hanyarsa. Mark Martin ya yi bankwana a 2005, bai sauka ba sai 2013, har ya ci tsere 5 a 2009 yana da shekara 50. Jeff Gordon ya aje a 2015, aka kira shi a 2016 ya riƙe wa Dale Earnhardt Jr. mota. Kevin Harvick ya aje a 2023 ya koma sharhi a talabijin, yana kuma taɓa ƙananan tsere inda ɗansa ke tasowa. Carl Edwards ne ya tafi a Janairun 2017 yana da shekara 37 bai waiwayo babbar gasar ba. Ni dai na sa Truex a tsakiya: idan an samu mota mai kyau da mai biyan kuɗi, ina kyautata zaton zai sake gwada Daytona. Idan babu, jirgin kamun kifinsa ya ishe shi.

Tsohon Direban Tanka, Yauri:

Ɗana, jikana ne ya karanta min maganarka, shi ne kuma yake rubuta wannan.

Shekara 34 na yi a kan tanka. Abin da mahaifinka yake ji na san shi, don har gobe idan babbar mota ta rage giya a gangaren da ke bayan gidana, ƙafata ta hagu sai ta motsa da kanta. Hannu ba ya mantuwa. Ido ne ke cin amana, kuma ba ya sallama kafin ya tafi.

Wani dare ina fitowa daga Koko, wata tirela ta lalace a kan hanya, ba fitila, sai ganye da aka zuba a kwalta. Mota ta taho daga gaba ta haske ni. Da ina matashi, tana wucewa idona ke washewa. Ran nan duhu ya zauna min a ido, sai yarona ne ya yi ihu. Na taka burki, na ji man da ke bayana ya turo ni gaba, na tsaya bai fi taku uku tsakanina da ƙarfen tirelar ba. Yaron ya sauka ya zauna a bakin hanya, ya kasa magana. Da na sauke wannan lodin na miƙa makulli, ban sake ba.

Shi wancan Baturen da kuke magana, jikana ya nuna min motarsa. An ɗaure shi, an sa masa hular kwano, an kewaye shi da ƙarfe, kowa hanya ɗaya ya nufa, ba jaki ba amalanke ba ɗan acaɓa, motar asibiti na jira a gefe, kuma ransa kaɗai ya ɗauka. Mahaifinka ran mutum bakwai zai ɗauka ranar kasuwa, ranar da hanyar Jega ta fi cika. Kada ku haɗa su.

Amma kada ku yi masa tsawa a gaban ƙannenka. Ku kai shi a duba idonsa, likita ya faɗa masa da bakinsa. Sannan ku nema masa zama a tasha, ko rubuta lodi ne. Abin da ke kai shi jikin motar nan da asuba, rabinsa gaisuwar abokan aiki ce da shayin tasha.

'Yar Argungu:

Baba ya yi magana, Allah ya ƙara girma. Ni ta wani gefen zan zo.

Kakana masunci ne. Ya daina shiga ruwa kullum tun ina ƙarama, gwiwa ta hana. Amma duk shekarar da aka yi bikin kamun kifi, sai ya sauko da gorarsa daga rataye, ya zauna a tsakar gida yana ɗinke homarsa kwana da kwanaki. Ranar su zai tsaya a bakin Matan Fada cikin dubban mutane, a harba bindiga, samari su ruga, shi ya taka a hankali ya shiga. Giwan ruwa ba ta taɓa faɗowa hannunsa ba a shekarun nan. Yakan fito da 'yan ƙanana, laka har wuya, ya kwana biyu yana jinyar ƙafa, ya kuma yi wata guda yana ba da labari. Babu wanda ya taɓa cewa ya karya maganarsa ta barin su.

Haka na ɗauki zuwan Truex Daytona. Kuma akwai abin da ba ku ambata ba. Shi ma ɗan masu sana'ar ruwa ne: mahaifinsa a New Jersey kasuwancin abincin teku ya yi, yana kuma tsere da mota mai lamba 56. Mahaifin ya rasu a Janairun 2025, wata guda kafin tseren. Wanda ya ɗauki lambar ubansa ya shiga fili ana cikin makoki, ni ba zan auna ranar da matsayin da ya ƙare ba. Ko kamfanin da ya daɗe yana ɗaukar nauyinsa, Bass Pro Shops, kayan kamun kifi da farauta yake sayarwa. Mutumin yana da inda zai koma.

Mahaifinku kuwa, Yaya, ku samo masa tasa ranar, wadda ba fasinja a ciki.

Ma'aikacin Jinya, Gusau:

Ban yarda a ɗauki "sau ɗaya a shekara" da sauƙi ba. A wannan filin na Daytona Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe a 2001, yana da shekara 49, kuma babu wanda ya fi shi sanin wurin. Bayan rasuwarsa ne aka wajabta abin da ke riƙe kai da wuya, an kuma gyara bangon filaye. Duk da haka Kurt Busch ya bugu a kai a filin tseren Pocono a 2022, bai sake tsere a babbar gasar ba. Ɗan Earnhardt ɗin ma bugun kai ne ya zaunar da shi rabin kakar 2016. A wurin aikina na ga yadda bugun kai ke yi wa mai shekara 45 da yadda yake yi wa mai 25, ba ɗaya ba ne. Wanda kuma ya yi wata da watanni bai zauna a kujerar ba, sauran sun riga shi sabo da motar. Ina ƙaunar Truex, shi ya sa na fi son in gan shi a bakin ruwa.

Game da mahaifinku, a duba ido, a haɗa da hawan jini da suga.

Bakaniken Rafin Atiku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Yauri, na karanta wa Yayanmu saƙonka, ya yi shiru ya ce in sake karanta wurin tirelar.

Mun kai tsohon an duba. Yanar ido ta fara a idon dama, sun ba mu ranar komawa. Bai ce komai ba a hanya. Ranar Asabar da hantsi na ɗauko motar ba kowa a ciki, na miƙa masa makulli na ce ya kai mu gonarsa ta hanyar Kalgo. Ya gyara madubi, ya yi bisimilla, ya ja a hankali, ni ina gefe. Ba mu yi nisa ba ya karkata kai wajen taga, ya ce boris ɗin tayar baya ta hagu na kuka, yaushe rabon da mu duba. Ni ban ji komai ba. Da muka dawo na ɗaga motar na kwance tayar, na same shi ya fara cinyewa.

Maganar Jega ba mu gama ta ba. Ya ce a bari sai an yi aikin idon tukuna.