Neman suna ga likitan da ke haɗa asibiti da binciken kimiyya

Malamai da abokan aiki, akwai kalmar da ke ba masu fassarar shirye-shiryen kiwon lafiya wahala a nan Yamai, wato médecin-chercheur. Ana nufin likitan da yake duba marasa lafiya, kuma aka horar da shi ya gudanar da binciken kimiyya a kan cututtukan da yake gani. A Amurka an daɗe da ware wa irin waɗannan hanya ta musamman: tun 1964 hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato NIH, take ɗaukar nauyin ɗaliban da ke haɗa karatun likitanci da digirin digirgir, kuma a wasu asibitocin koyarwa ana keɓe wa mai neman ƙwarewa a fannin taɓin hankali wani kaso na shekaru 4 na horonsa domin bincike kawai.

Abin da ya fara zuwa bakin kowa shi ne "likita mai bincike". Ban gamsu da shi ba, domin a wurin mai sauraro duk likita bincike yake yi: wanda ya ɗora ma'auni a ƙirji, ya tura a auna jini, ya tambayi dangi yaushe barci ya ƙaurace wa majinyaci, ai an ce ya bincika. Idan aka faɗi haka a rediyo, tsohuwar da ke Tawa za ta ɗauka cewa ana yabon likita ne da kula, ba za ta gane wani aiki ne dabam ba. "Likita masani" kuma ya yi faɗi, tunda duk ƙwararre masani ne, ko da bai taɓa gano wani sabon abu ba.

Shawarata ita ce "likita manazarci", mace "likita manazarciya", jam'i "likitoci manazarta". Nazari ya ƙunshi dogon tunani da kwatanta hujjoji da rubutawa, ga shi mun riga mun saba da manazarta harshe da na tarihi. John Cade na Ostareliya misali ne: likitan taɓin hankali ne da ya gwada gishirin litiyom a kan dabbobi, sannan a kan majinyatansa, ya wallafa sakamakon a 1949, kuma har yau ana amfani da maganin. Haka Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada kulorpuromazin, wani maganin taɓin hankali, a kan majinyatansu a asibitin Sainte-Anne na Faris a 1952. A kusa da mu akwai Thomas Lambo, wanda a 1954 ya fara zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, yana lura da yadda suke samun sauƙi. Da ba su zauna da marasa lafiya ba, da tambayoyin ba su zo musu ba, shi ya sa "likita" ya kamata ya zo a gaba, "manazarci" ya bi shi.

Wata malamar jinya ta ja hankalina cewa a Nijar "likita" kan nufi asibitin kansa, kamar a "na kai shi likita", mutumin kuma a kira shi lokotoro. Gaskiya ta faɗa. Sai dai gini ba ya nazari, don haka ruɗanin ba zai taso ba, kuma wanda ya fi son "lokotoro manazarci" a magana bai yi laifi ba. A rubuce dai a bar "likita", domin ƴan'uwanmu na Sakkwato da Kano su fahimta.

Saura sunan likitan fannin taɓin hankali, wanda daga cikinsa na ɗauko misalan nan. "Likitan mahaukata" cin fuska ne, yana kuma hana mutane zuwa neman magani. "Likitan ƙwaƙwalwa" yana karo da na mai duba farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Na fi karkata ga "likitan lafiyar hankali", amma a nan ina jiran ra'ayin malaman Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni da na ma'aikatan sashen taɓin hankali da ke Babban Asibitin Yamai, domin su ne suke jin kalmar da dangin majinyata ke karɓa ba tare da jin kunya ba.